Aiki a Azare, Gida a Misau: Lissafin da Ake Yi Kafin a Biya Dillali

Idan ma'aikatan manyan makarantu suka haɗu a majalisa a Azare bayan La'asar, da wuya a watse ba a taɓo maganar fili ba. Wani bashin ƙungiyar gama-kai ta wurin aiki ne ya fito masa, wani kwasar adashi ce ta zo kansa, wani kuma mai gidan da yake haya ne ya aiko masa da sabon farashi. Tambayarsu ɗaya ce: a ina za a kafa? Ƙasa ta yi tsada a cikin Azare, musamman ta bakin manyan tituna da wadda ke kusa da asibiti da makarantu. Sai ido ya koma kan garuruwan kewaye, irin su Gadau da Jama'are da Madara da Chinade, har zuwa Misau, wadda sunanta ke yawan fitowa saboda gari ne babba mai kwanciyar hankali, ga kuma reshen jami'a a cikinsa.

Ba banza ba wannan magana ta yi ƙarfi. A cikin shekaru kaɗan wannan yanki, wato ƙasar Guddiri, ya cika da makarantu. Jami'ar Jihar Bauchi, wadda aka kafa zamanin Gwamna Isa Yuguda kuma yanzu ake kira Jami'ar Sa'adu Zungur, mazauninta na dindindin yana Gadau, kimanin kilomita 20 daga Azare, tsangayarta ta koyon aikin lauya kuma tana Misau. A 2021 gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya a Azare, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke garin ta zama asibitin koyarwarta. Ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ta daɗe a Azare, ga sabuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Jama'are, ga Kwalejin A.D. Rufa'i a Misau. Kowace ɗaya ta jawo malamai da likitoci da ma'aikatan jinya da akawu da direbobi, kuma kowannensu yana neman inda zai ajiye iyali. Ƙari a kan haka, an mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye, ta ratsa ta Azare, sai garin ya ƙara zama mahaɗa. Inda jama'a suka taru kuwa, kuɗin ƙasa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Abu na farko da ya kamata mai neman gida ya cire daga ransa shi ne ɗaukar Misau a matsayin bayan garin Azare. Ba haka take ba, kuma ba ta taɓa zama haka ba. Gari ne mai fadarsa da tarihinsa. Gwani Mukhtar, wanda ya ci Birnin Gazargamu a 1808, shi ne tushen gidan sarautar, ɗansa Mamman Manga kuma ya zauna a Misau wajen 1831 da yardar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Azare kuwa sai a 1916 aka dawo da fadar Katagum cikinta. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Misau mutum sama da 260,000. Wannan tarihi yana da amfani ga mai sayen gida, domin yana gaya masa cewa garin yana da kasuwarsa da malamansa da masu sana'arsa tun kafin a yi jami'a, kuma ko an rufe makarantu gobe rayuwa ba za ta tsaya ba. Amma yana kuma gaya masa cewa Misau ba wurin da ake zuwa a kwana kawai a koma aiki da safe ba ne. Tazararta da Azare ta haura kilomita 50.

Man fetur shi ke yanke hukunci

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, don haka bari mu zauna a kai. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. A lokacin malami zai iya zama a wani gari ya riƙa zuwa aiki wani garin ba tare da ya ji a jikinsa ba. Zuwa ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa na Arewa. To, a ɗauki alƙalami. Zuwa da dawowa tsakanin Misau da Azare ya wuce kilomita 100. Motar da ke cin lita ɗaya a kilomita 10 za ta sha lita 10 a rana. Idan aka lissafa lita a kan naira 1,000, dubu goma ke nan kullum. Mai zuwa aiki kwana huɗu a mako zai ƙone naira 160,000 a wata, ninki biyu da ɗoriya na mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ba a sa kuɗin taya ba, ba a sa baƙin mai da ladan makaniki ba. Wanda aikinsa ke Gadau kuwa sai ya ƙara wasu kilomita 40 a kan wannan.

A shekara guda kuɗin ya kusa miliyan biyu. Duk rarar da mutum ya samu don ya sayi fuloti mai araha a Misau maimakon Azare, gidan mai zai karɓe ta a hankali, kuma karɓar ba ta ƙarewa. Motar haya ta fi sauƙi, gaskiya ne, amma duk wanda ya taɓa zama a tasha yana jiran motar Sharon ta cika alhali yana da lakca ƙarfe takwas ya san abin da hakan ke nufi. Direba ba zai tashi da kujera biyu babu kowa ba, sai dai ka biya kuɗinsu. Wasu malamai sukan haɗa kai su huɗu ko biyar, yau motar wannan gobe ta wancan, kuma dabara ce mai kyau muddin jadawalin aikinsu ya zo ɗaya. Ga likita ko ma'aikaciyar jinya da za a iya kira ƙarfe biyun dare, wannan dabarar ma ba ta aiki.

Saboda haka a ganina, wanda dole ne ya sa hannu a rajistar aiki a Azare ko Gadau kowace safiya, Misau ta yi masa nisa. Ya nemi unguwannin gefen Azare, ko ƙauyukan da babur zai kai shi aiki cikin minti ashirin. Misau ta wasu mutane ce daban, kuma za mu zo kansu.

Wasu garuruwan sun riga mu shiga wannan hali, akwai abin koyo a wurinsu. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Samaru ƙaramin wuri ce a gefen Zariya. Yau gari ce guda, kuma waɗanda suka sayi ƙasa da wuri sun ci riba, sai dai an yi gine-gine da yawa ba tare da barin hanya da magudanar ruwa ba, jikoki ne ke fama da wannan. A Kano, sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo shi ya taimaka wajen raya Rijiyar Zaki da Danbare da Rimin Gata. Amma a jihar Gombe, Jami'ar Tarayya ta Kashere da aka kafa a 2011 ta nuna ɗaya fuskar: ma'aikata da yawa sun zaɓi zama a cikin Gombe suna jeka-ka-dawo, saboda makarantun yara da asibiti da kasuwa suna can. Kafa jami'a a wuri ba ya mayar da wurin birni a dare ɗaya. Gadau da Azare ma kusan haka suke, domin Azare ce ke ɗauke da yawancin ma'aikatan Gadau.

Akwai kuma masu sayen gida ba don su zauna ba, sai don su zuba ɗalibai haya. Dillali zai ce maka, “Alhaji, ka yanka shi ɗaki goma, kowane da banɗakinsa, shekara uku ka mayar da kuɗinka.” Kafin ka amsa, ka tuna da 2020 da 2022. A 2022 ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi yajin aikin wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, a 2020 kuma yajin aiki ya haɗu da kullen korona aka kusa cinye shekarar. Masu gidajen ɗalibai a garuruwan jami'o'in da suka shiga yajin sun zauna da ɗakuna a kulle, kaya a ciki, ba haya ba damar sa wani. A Misau kuma akwai ƙarin abin lura: tsangaya ɗaya ce ta jami'ar take garin, sai kwaleji. Yawan ɗalibai yana hannun hukumar makaranta da gwamnati. Su ke ƙara gurbi, su ke gina ɗakunan kwana a cikin makaranta, su ke da ikon ɗauke sashe daga wannan gari zuwa wancan. Mai hankali zai gina gidan da idan ɗalibai sun tafi, magidanci da iyalinsa za su iya kama shi: tsakar gida mai faɗi, zaure, ɗakin girki, wurin shanya.

A je a ga fili da damina

Dillalai sun fi son kai mutum ganin fili da rani, lokacin da ko'ina ya bushe ya yi fes. Lokacin ganin fili na gaskiya shi ne Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Ka tafi da ƙafarka. Ka dubi gindin katangar maƙwabta: idan ka ga wani layi mai duhu ya bi bulo daidai gwiwa, ko siminti ya kumbura yana zubowa kamar gari, ruwa ya taɓa kwana a wurin. Ka dubi ƙofofin gidajen, ko an ɗaga dakali an yi matattakala uku huɗu kafin a shiga. Ka duba ko akwai buhunan yashi da aka jera a bakin lungu. Ka kama dattijo ɗaya a masallacin unguwar ka tambaye shi, “Baba, da can mene ne a nan wurin?” Idan ya ce maka kududdufi ne aka cike da shara, ko hanyar ruwa ce daga gonaki zuwa kogi, ka yi masa godiya ka kama gabanka, komai arahar filin.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. Kogin Misau, wanda ake kira Komadugu Gana, yana wucewa ta kusa da garin, shi ya ba shi fadamar da ake noman rani da kamun kifi, amma fadama ta noma ce ba ta gini ba. Jama'are tana bakin nata kogin. Ambaliyar 2022 ta yi ɓarna mai yawa a arewacin jihar Bauchi, a Agustan 2024 kuma ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum, matafiya suka yi ta zagaye. Wanda gidansa ke wani gari aikinsa ke wani, kwalbati ɗaya ce tsakaninsa da rasa zuwa aiki.

Daga ruwan sama sai ruwan sha. Kada ka tambayi dillali, ka tambayi masu haƙa rijiyar burtsatse, su suka san zurfin da ake samun ruwa a kowace unguwa, kuma zurfin shi ke yanke kuɗin haƙa. Ka tsaya ka ga nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka a unguwar a watan Afrilu. Wuta kuwa, kamfanin rarraba lantarki na Jos ne ke kula da jihar Bauchi, kuma sabuwar unguwa takan daɗe ba ta samu taransifoma ba sai mazauna sun yi karo-karo. Gara mutum ya sa kuɗin sola a cikin lissafin gininsa tun farko.

Takarda kafin kuɗi

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. A yankin da aka ayyana birni, gwamna ne ke ba da haƙƙin mallaka, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da na gargajiya, kuma sayar da fili mai takardar gwamnati yana buƙatar amincewar gwamna. A jihar Bauchi akwai hukumar BAGIS da ke ajiye bayanan filaye. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce, takardar cinikin da aka rubuta a gaban mai unguwa, shaidu suka sa hannu, tana da daraja, amma ba ita ce ƙarshe ba. Fili awon gwamnati yana da lamba da taswira da hanyar da aka ware. Awon igiya kuwa manomi ne ya yanka gonarsa, ya fi araha, amma sau da yawa lungun da aka bari ko mota ɗaya ba ta wucewa.

Kusa da makarantu akwai wani tarko na musamman. Gwamnati takan karɓi ƙasa mai faɗi don jami'a ko kwaleji, ta biya diyya, amma a yi shekaru ba a zagaye ta da katanga ba. Masu gonakin su ci gaba da nomawa, dattawan da suka karɓi diyyar su rasu, 'ya'ya su taso suna ganin gonar ubansu ce, su yanka su sayar da zuciya ɗaya. Ranar da makaranta ta samu kuɗin katanga, sai mai sabon gini ya wayi gari a cikin harabar jami'a. Maganin wannan ɗan ƙaramin aiki ne: ka ɗauki safiyo mai rajista ya ɗauki ma'aunin filin, ka je sashen ayyuka na makarantar da ofishin ƙasa a gwada da taswirarsu. Aikin safiyo shi zai tsare maka duk abin da za ka zuba.

A cikin tsohon garin Misau kuwa, yawancin gidajen da ake sayarwa na gado ne. Gida ne mai kyau, a tsakiyar jama'a, kusa da masallaci da kasuwa, amma kafin ka biya ka nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a. Ka tabbatar duk magada sun yarda, har matan da ke aure a Kano ko Potiskum, da marayun da ba su balaga ba, waɗanda sai da waliyyi ko izinin alƙali ake taɓa rabonsu. A mazhabar Malikiyya akwai haƙƙin shuf'a: idan gidan tarayya ne da ba a raba ba, wani ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana iya biyan kuɗin ya karɓe. Babban wa shi kaɗai ba ya sayar da gidan gado, ko da shi ne ke riƙe da makulli. Kuma a yi ciniki da rana, a gaban mai unguwa da maƙwabtan kusurwa huɗu, a taka iyaka da ƙafa, a kafa alama, a biya ta banki don shaida ta zauna. La'adar dillali a yanke ta tun kafin a fara.

Ta fuskar kuɗi, ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana da damar neman rancen gida ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, a kan ruwa kashi 6 cikin 100, a biya har tsawon shekara 30. Mutanenmu da yawa suna gudun wannan saboda riba, sai su nufi bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Ko ta wace ƙofa aka bi, banki ba ya karɓar takardar mai unguwa a matsayin jingina, sai cikakkiyar takardar mallaka. Shi ya sa akasarin gidajen ma'aikata a wannan yanki da adashi da bashin gama-kai aka gina su, bana a sa harsashi, baɗi a kai linta, wata shekarar a rufa kwano. Mai wannan tsari ya tuna cewa a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, ya kuma tuna cewa ginin da mai shi ke nesa ya fi cin kuɗi, domin ba ya nan lokacin da ake kwaɓa yashi da siminti.

To, wa Misau ta dace da shi? Ta dace da wanda aikinsa ke cikin garin, a tsangayar lauyoyi ko Kwalejin A.D. Rufa'i ko asibiti ko sakatariya. Ta dace da malamin da ke da ɗaki a kwatas ko ɗan ɗakin haya a Azare, yana kwana uku can ya dawo wa iyalinsa ranar Alhamis, muddin uwargida ta yarda da wannan zama da bakinta, domin ita ce za ta kwana da yara idan zazzaɓi ya tashi cikin dare. Ta dace da ɗan asalin yankin, na Hardawa ko Dambam ko cikin gari, wanda iyayensa suka manyanta. Ta fi dacewa da wanda ritaya ta matso, yana son gida mai fili da zai ɗaure tumaki, da 'yar gona a kusa, inda fansho zai fi yin auki, ga hanyar Bauchi ta Kari da Darazo, ga asibitin koyarwa a Azare idan buƙata ta taso.

Baƙo kuwa, wanda aiki ya kawo daga Kano ko Filato ko Kudu, shawarar da nake ba shi da zuciya ɗaya ita ce ya kama haya a unguwar da yake so na shekara guda kafin ya sayi ko taku ɗaya. Ya ga damina ya ga bazara. Ya je ya gaishe da mai unguwa, ya halarci suna da jana'iza, matarsa ta shiga gidajen maƙwabta, 'ya'yansa su gwada makarantar boko da Islamiyyar wurin. A cikin wannan shekarar ne zai ji gidan da za a sayar tun kafin labari ya kai kunnen dillali, kuma maƙwabcin da ya saba da shi ne zai ja shi gefe ya ce, “Malam, wancan filin akwai magana a kansa.”

Sauran aikin na hukuma ne. Tun yanzu da gefen Misau da Gadau da Jama'are ke gonaki, ya kamata gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su fitar da sababbin unguwanni masu awo, da hanyoyi masu faɗi da magudanan ruwa da filin makaranta da maƙabarta, su kuma hana gini a fadama da hanyoyin ruwa. Makarantun su kafa alamar iyakarsu a fili kowa ya gani. Jami'o'in biyu da kwalejojin kuma za su iya haɗa hannu su sa bas ɗin ma'aikata mai tashi a kan lokaci tsakanin Misau da Azare da Gadau, safe da yamma, a riƙa cire kuɗin daga albashi. Idan aka samu wannan bas ɗin, naira 160,000 ɗin nan ta wata za ta ragu ƙwarai, kuma malamai da yawa da yanzu ba su da zaɓi sai hayar Azare za su iya mallakar gida a Misau.